Uwar Zaliha Ba Ta Juyowa

SHAFI NA 31

Masu cika mini waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", to ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Ku kuma masu zagin Adda Luba a ƙasan kowane shafi, ku ɗan sassauta ku ji ta cikinta tukuna. Ban ce tana da gaskiya ba. Na dai ce ku ji.

*

Furar da Inna ta dama wa Lubabatu har ta fara tsinkewa a kwanon sha, ko ludayin ba ta ɗaga ba.

Tun da ɗan kabu-kabu ya ɗauko ta daga Tungar Guru, inda take aure, ya sauke ta a ƙofar gidansu na Gummi, kunnenta yana kan ɗakin ƙanwarta Naja'atu. Dariya ake yi a ciki. Murya biyu. Ɗaya ta Naja, ɗaya ta Amira, 'yar da Luba ta haifa da cikinta, 'yarta ta fari, wadda ba ta taɓa yin irin wannan dariyar a gabanta ba.

"Ke ta Tungar Guru, hurar ga ba ta yi miki ba?" in ji Inna tana tura itace a murhu.

Inna ba ta kiran sunan Luba, don ita ma 'yar fari ce.

"Ta yi, Inna. Mi kunka kira ni in ji?"

"Ki sha tukuna."

"Na ƙoshi. Ku hwaɗi."

Inna ta kakkaɓe hannu ta gyara zama.

"Naja ta samu aiki Kaduna. Masu buga littattafan yara sunka kira ta, hal ɗaki sun ba ta. Tana son ta tahi da Amira, ta sa ta makaranta can. Mun aika ma mijinki Jatau, yac ce shi ba shi da ta cewa, a tambayi uwar ɗiya."

"Uwar ɗiya." Luba ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. "Ashe an san tana da uwa."

Inna ta kalle ta, ta mayar da ido kan tukunya.

Wanda ya manta mafarin zancen, bari in tuna masa. Shekarar da gubar dalma ta shiga ƙauyukan Bukkuyum da Anka, lokacin da maza ke kawo duwatsun zinare ana niƙawa a tsakar gida, Amira tana rarrafe. Ƙasar da take wasa a kai ita ce ciwon. Yara suka yi ta jijjiga, da yawa ba su tashi ba. Amira ta sha da ƙyar a asibiti, sai dai harshenta ya yi nauyi, har yau magana sai ta tattaro ta kafin ta fito. Da aka sallame ta Inna ta rantse yarinyar ba za ta koma kan ƙasar nan ba, ta taho da ita Gummi. Naja tana 'yar sakandare a lokacin. Ita ta goya, ita ta yi wa wanka, ita ta riƙe mata hannu ta koyi tafiya.

Luba kuwa ta koma ɗakinta, ta haifi wasu, su Khalifa, ta riƙe kunyar 'yar fari yadda aka koya mata. Ba ta kiran sunan. Ba ta zuba mata ido. Ba ta jan ta a jiki. In zancenta ya kama sai ta ce "ta wajen Inna". Dangi suka yi ta yabo, wai Luba akwai kara, kuma ba wanda ya taɓa tambayar ta abin da karar ke ci mata a ciki.

Labule ya ɗaga.

Naja ta fito da gilashinta a goshi, Amira na biye da ita riƙe da wata baƙar leda. Ta yi tsawo. Budurwa sosai. Luba ta ga haka da wutsiyar ido, ta yi maza ta mayar da kallonta kan murhu.

Amira ta durƙusa.

"Adda... Luba. Ina wuni."

Adda Luba. Yadda ta ji Naja na kira tun tana goye, haka ta ɗauka.

"Lahiya," in ji Luba, tana kallon tukunyar tuwo.

Yarinyar ta ɗan jima a durƙushe kamar mai jiran ƙari. Ba a ƙara ba.

"Tashi ki kai katunan bikin nan shago," in ji Naja. "Ki ce wa Tasi'u masu shi za su zo bayan la'asar. Kar ki tsaya kallon fosta a hanya, na san ki."

"To, Mama Naja."

Ta fita tana murmushi.

Mama Naja! Luba ta ji kalmar ta sauka mata a ƙahon zuciya. Ba yau ta fara jin ta ba, amma yau ta zo da zafinta a hannu tun daga gida.

"Sannu da hanya, Adda. Ya su Khalifa?"

"Suna nan inda kib bar su."

"Inna ta gaya miki?"

"Ta hwaɗi. Kin gama shiri kin ɗaure kaya, sannan anka tuna da ni."

"Haba Adda, ba wanda ya ɗaure komai. Shi ya sa aka ce ki zo."

"In zo in sa albarka. Awa baƙuwar suna."

Naja ta sauke gilashin daga goshi ta zauna a bakin turmi.

"Me na yi miki ne wai? Tun Sallah nake lura da ke. In na kira ba ki ɗauka, in kin ɗauka kamar ana miki dole."

"Kina son ki ji?"

"Ina so."

"Makon jiya ina gidan biki Bukkuyum, ina ma amarya lalle. Wata 'yar ɗiya tas shigo da littahinki. Mata sunka taru kai, ana ta duba. Wagga ta ce ga Zaliha ta cikin littahin, waccan ta ce ai ɗiyar Malama Naja ta, ita ta ka zanawa. Wata tac ce ta gan ku Anka ranar da kunka je raba littahi makarantar hiramare, wai kamar an tsaga kara, uwa da ɗiya."

"Sai kika ce musu me?"

"Mi zan ce? Hannun amarya na hannuna. In ce tawa ta? Ni da ko sunanta ba ni kira?"

"To laifina ne wannan?"

"Kin gyara musu can Anka? Kin ce a'a, ɗiyar yayata ta?"

Naja ta kawar da kai.

"Kin gani."

Gaskiya ce, ba ta gyara ba. Ni ma mai ba ku labarin nan ba zan wanke Naja tas ba, daɗin abin ta ji.

Sai dai ciwon Luba ba na 'ya kaɗai ba ne, kuma ita kanta ta sani. A gidan nan ita aka fara sani da hannu. Tun tana ƙarama take cika bangon Inna da zanen gawayi, zakara, rakumi, mata a bakin rijiya, Naja na tsugune a gefe tana miƙo mata gawayin. Aka yi wa Luba aure, hannun ya koma kan lalle. Amaren Bukkuyum har rububinta suke yi, amma lalle kwana nawa yake kafin ya goge?

Naja kuwa ta wuce Poli ta karanto zane na kwamfuta. Ta buɗe ɗan shago kusa da tasha, tana katin biki, kalandar 'yan siyasa, takardar da ake liƙa wa robar man gyaɗa. Daga nan aka ba ta aikin fostar wanke hannu ta yaran ƙauyukan da guba ta taɓa. Ta ce ita ta gaji da littattafan da yaran ciki duk farare ne masu gashi kamar na masara, suna cin 'ya'yan itacen da ba wanda ya taɓa ganin bishiyarsa a Gummi. Ta zana Zaliha, yarinya baƙa mai kitson shuku, mai wushirya da ɗan tabo a gira, mai tambayar tsiya. Zaliha ta je kasuwa, Zaliha ta hau jaki, Zaliha ta hana ƙaninta wasa inda ake niƙa dutse. Yara suka haukace a kanta. Kuma duk wanda ya san Amira ya san fuskar wa aka ɗauka.

"Wa yak koya miki riƙon gawayi?" Luba ta jefa mata.

"Ke ce, Adda. Ban taɓa musu ba."

"Kin taɓa hwaɗi gidan rediyo? Na ji ki da kunnena, kina ta lissahin malamanki na Poli."

"Tambayar da aka yi mini ke nan."

"Kin ɗauke hannun, kin ɗauke sunan, yanzu ɗiyar ma ki ka so ki kai inda sai na biya kuɗin mota in ga ƙeyarta."

"Da take nan Gummi sau nawa kika zo kika ga fuskarta?"

Har Inna ta tsayar da muciya.

"Ni ki ka hwaɗa ma haka?"

"Ki yi haƙuri, amma..."

"Kuma ma zanen abu mai rai, wa yac ce miki halas na? Ki ɗauki huskar ɗiyar mutane ki ta bugawa takarda, yara na takawa ƙasa."

"Ke ta Tungar Guru," in ji Inna ba tare da ta juyo ba, "rakuman da kic cika mini bango da su, matattu na?"

Luba ta juya kan Inna.

"Inna, kullum bayanta ku ka bi."

"Ba ni bin bayan kowa. Kunya ni ma na yi ta gare ki, hal yau ina yi. Amma wa ka ɓoye miki tsokar kaza ƙarƙashin tuwo? Wa ka zaunad da ke tsakanin ƙahwahunta ta yi miki kitso hal ki yi barci? Kunya ga baki ta ke, ba a kai ta ga hannu."

"Ku kuna gida ɗaya da ni. Ni an ɗauke mini tawa tana rarrahe."

Muryarta ta karye a kan kalmar ƙarshe, ta ji haushin kanta.

A daidai nan wayar Naja ta ɗauki ƙara. Ta duba.

"Mutanen Kaduna ne. Bari in fita ƙofar gida, a nan ba a ji sosai. Adda, don Allah kar ki tafi, akwai abin da nake son nuna miki."

Ta fita da sauri. Inna ma ta ɗauki buta ta zaga bayi.

Luba ta zauna ita kaɗai, ga labulen ɗakin Naja yana kaɗawa.

Ba ta yi niyyar shiga ba. Ƙafarta ce ta kai ta.

Ɗakin duk Zaliha ce. A bango, a jikin ƙofa, har a bayan kwamfuta an liƙa ta. Zaliha na dariya, Zaliha ta turo baki, Zaliha na barci a kan buhun gero. Luba ta tsaya tana kallo. Abin da ba ta iya yi wa mai fuskar ba, shi ta yi wa takarda, ta zuba mata ido har ta ƙoshi. Ashe haka girar take. Ashe in ta yi dariya kumatun hagu ne ke loɓawa.

Naja ta san duk wannan. Ita ba ta sani ba.

A kan tebur akwai wasu takardu masu kauri an jera su, an danne da dutsen guga. Ta ɗaga dutsen.

Na farko, Zaliha ce zaune a ƙofar ɗaki, wata mata na daka a tsakar gida. Matar ta ba da baya.

Na biyu, bakin rijiya. Matar na jan guga, Zaliha na riƙe da tulu a bayanta. Ta ba da baya.

Na uku, gidan biki. Matar ta sunkuya a kan hannun wata amarya tana zana mata lalle, Zaliha na tsaye can gefe ta miƙo nata tafin hannun, ba komai a kai.

Luba ta ƙura wa matar ido.

Zanen da ke jikin matar nata ne, shuɗin nan mai ganye da ta sa da Sallah. Ɗaurin ɗankwalin nata ne, mai karkata gefe guda. Ga tabon ƙunar da ke gwiwar hannunta. Kuma da hagu matar ke riƙe da lallen, kamar yadda Luba bahaguwa take yi.

Ta ɗaga na gaba, ta ɗaga na gaba. Ƙeya. Ƙeya. Ƙeya.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne bakin zanen matar. An bi shi da wani ɗan reshe mai nannaɗewa, ganye uku da ɗigo, ganye uku da ɗigo. Wannan reshen nata ne. Ita ta ƙirƙire shi, da shi ake gane amaryar da ta bi ta hannun Luba.

"Hal wanga ma ba ki bar mini ba," ta faɗa a fili.

Wato abin da za a nuna mata ke nan. Wato littafin da za a kai Kaduna ke nan, a buga dubbai, a raba daga Anka har Gummi, kowace mai zuwa biki a Bukkuyum ta buɗe ta ce ai Luba mai lalle ce, uwar da ba ta kallon 'yarta. Naja ta zama uwar kirki a rediyo, ita ta zama ƙeya.

Ba ta ƙarasa duba sauran ba. Ta tattare su gaba ɗaya ta fito.

Ta san ba asara za ta yi wa Naja ba. Sau nawa ta ji ta tana cika baki, wai aikinta ko ɗaki ya ƙone yana nan cikin kwamfuta, sai dai a sake bugawa? To ta sake bugawa. Amma yau sai ta san an ji zafi.

Ta tsuguna gaban murhu, ta janye itace ɗaya, ta cusa takardun ƙarƙashin tukunyar tuwo.

Takarda mai kauri ba ta kamawa da wuri. Sai da ta yi baƙi ta lanƙwashe, sannan wutar ta tashi da wani kore-kore. Luba ta sa itace ta ƙara tura su ciki. Zuciyarta ta yi sanyi, ba zan ɓoye muku ba. Sanyin minti ɗaya.

"Adda, sun ce ranar..."

Naja ta tsaya a bakin zaure.

Ta kalli murhu. Ta kalli labulen ɗakinta. Wayar ta suɓuce daga hannunta.

"Mi kis sa wuta?"

Hausar makarantar ta gudu, ta gida ta dawo.

"Abin da kig gani."

"Adda, mi kis sa wuta?!"

Ta yi kan murhun da gudu, ta ture tukunyar har talge ya fallatsa, ta sa hannu tsirara cikin wuta tana jawowa. Abin da ya fito baƙi ne, yana marmashewa a yatsunta. Inna ta fito da salati ta riƙe ta.

"Ke Naja, hannunki! Hannunki!"

"Inna ta ƙone su! Ta ƙone su duka!"

Luba ta miƙe tana kakkaɓe zane, ko a jikinta.

"Ki daina ma mutane kururuwa. Ba suna cikin kwamhutarki ba? Ki sake bugawa, ki kai Kaduna, ki nuna ma duniya ƙeyata. Amma ba da yawuna ba."

Naja ta ɗago. Idonta ya yi ja.

"Wace kwamfuta?"

"Wadda ki ka taƙama da ita."

"Adda, yaushe rabon da ki ga na zana abu a takarda? Ni a kan gilashi nake zane, da alƙalamin kwamfuta. Wannan kala ce ta ruwa. Da hannu aka yi, da buroshi. Ba bugu ba ne. Babu wani a ko'ina."

"To sai ki sake zanawa."

"Ba ni na zana ba!"

Luba ta ja da baya.

"Ƙarya ki kai."

"Ke da kika san zane? Ba ki duba inda layukan suka kwanta ba? Daga hagu suke gangarowa. Ni bahaguwa ce?"

Luba ta kalli hannunta na hagu.

"Mutum biyu ne bahagwai a zuri'ar nan," in ji Naja. "Ke da ita."

"Reshen..." in ji Luba. "Reshen lallena..."

"Duk amaryar da kika yi wa lalle aka kawo Gummi, sai Amira ta bi ta har ɗaki ta roƙa a ba ta hannu ta duba. A tafin hannun mutane ta koyi reshenki. Ni ko kwana zan yi ban iya shi."

Inna ta saki Naja ta zauna daɓas a kan tabarma.

"Tun damina ta ka yin su," in ji Inna a hankali. "In ta dawo makaranta ko abinci ba ta ci sai ta zauna kansu."

"Mutanen Kaduna sun ga hoton guda ɗaya a wayata," in ji Naja. "Guda ɗaya tak na ɗauka, shi ma a sace, don ta hana. Suka ce in zo da ita da zanen gaba ɗaya, za su buga da sunanta. Sunanta, Adda, ba nawa ba. Yarinyar da malamai suka ce ba za ta iya komai ba saboda harshenta."

"Ni... ni na zaci ke ta ka yi mini tonon silili."

"Ni ban taɓa ganin ƙeyarki ba, fuskarki nake gani. Wa kike juya wa baya in ya shigo?"

Naja ta ƙara matsowa.

"Kin duba na ƙarshen?"

Luba ta girgiza kai.

"Ba ki duba ba." Naja ta yi wata dariya mai haɗe da kuka. "A na ƙarshen matar ta juyo. Ta kama hannun Zaliha tana sa mata lalle. An gama komai, zane, ɗankwali, hannu. Wurin fuskar ne kawai fari. Ta zana ta goge, ta zana ta goge. Na ce ga hotonki na bikin Sa'adatu ta duba, ta ce a'a, a hoton mai hoto kike kallo. Ita fuskar da ke kallon ta take so."

"Ya isa, Naja," in ji Inna.

"Bai isa ba, Inna, bari ta ji. Kin san wa ya ce a kira ki yau? Ba ni ba ce. Ni da na so, da amsar Jatau ta ishe ni. Ita ta ce a kira ki. Ta ce in Inna ta roƙe ki, ƙila ki yarda ki zauna ta kalle ki ta ƙarasa. Kuma ta ce..."

Ta tsaya ta share hanci da bayan hannu.

"Tac ce mi?"

"Ta ce in kika ce kar ta tafi, ba za ta tafi ba. Ko da baki ɗaya kika faɗa. Ni na kwana ina kuka a kan wannan maganar, in kina son ki sani. Na goya ta, na yi mata komai, amma kalma ɗaya taki ta fi nawa duka. Ke kina kishi da ni? Ni ya kamata in yi kishi da ke!"

Luba ta durƙushe gaban murhun. Ta sa hannu tana tona toka, ko zafi ba ta ji. Wani ɗan gefe ya fito da bai gama ci ba, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Shuɗin zane ne da rabin ganye.

"Naja, ki rufa mini asiri. Ki ce... ki ce iska ta kwashe su. Ki ce ɗan akuya..."

"Salamu... alaikum."

Su uku suka juya.

Amira na tsaye a bakin zaure, da ƙullin gyaɗa mai gishiri a hannu. Yadda ta riƙe shi da hannu biyu, ba wa kanta ta sayo ba, tsarabar baƙuwa ce.

Ba wanda ya amsa sallamar.

Ta kalli tukunyar da ke kife. Ta kalli hannun Naja da ya tashi. Ta kalli abin da ke tsakanin yatsun Luba.

Ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi.

Ta tako a hankali ta wuce su, ta ɗaga labulen ɗaki ta leƙa tebur. Ta daɗe a haka. Sannan ta saki labulen, ta zo ta ajiye ƙullin gyaɗar a gefen kwanon furar Luba, ta gyara masa zama kamar wani abin fashewa.

"Amira, zo nan," in ji Naja. "Zo ki ji, kuskure aka..."

"Mama Naja."

"Na'am."

"Motar... Kaduna." Ta haɗiyi yawu, ta tattaro sauran. "Yaushe... ta ka tashi?"

Naja ta kalli Inna. Inna ta sunkuyar da kai.

"Jibi, in Allah ya kai mu. Amma ki tsaya..."

"Babu... ta gobe?"

Ta juya ta nufi ɗaki.

Luba ta ji wani abu ya taso mata tun daga cikin ciki, ya ture kunyar, ya ture Inna da ke zaune, ya ture duk matan da suka taɓa cewa Luba akwai kara. Sunan ya yi mata nauyi a harshe kamar ba da shi aka yi wa yarinyar huɗuba a ɗakinta ba.

"Amira!"

Inna ta dafe ƙirji.

Yarinyar ta tsaya, hannunta a kan labule. Ta juyo a hankali. Karo na farko idonsu ya haɗu, kuma Luba ba ta kawar da nata ba.

Amira ta dube ta sosai, daga goshi har haɓa, irin kallon da mai zane ke yi wa abu. Hawaye na zuba amma muryarta ko rawa ba ta yi ba, kuma maganar ta fito a jere, ba tsayawa ko ɗaya.

"Adda Luba, ashe kin san sunan?"